Hutun da muke ba tsofaffinmu shi ke kwantar da su

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Don Allah a sam mani ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana kan wani abu da na gani da idona a cikin gidanmu da unguwarmu a nan Katsina, wataƙila ya amfani wani.

Mahaifinmu tsohon malamin gona ne, ya haura shekara 70 yanzu. Tun muna yara ba mu san shi da zama ba, keke yake hawa ya shiga ƙauyuka tun da sassafe, in ya dawo la'asar ya ɗauki fartanya ya wuce tashi gonar, da damina kau sai ka yi kwana biyu ba ka gan shi da rana ba. Da ya yi ritaya muka taru mu 'ya'yanshi muka ce tau Baba ya isa haka, ka sha wahala a kanmu yanzu lokacin hutu ne. Muka ƙwace keken, muka ba da gonar aka riƙa noma mashi, masallacin Juma'a ma sai dai a ɗauke shi a mota ko a tare mashi Napep, ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka sai yaro ya rugo ya riga shi. Mu a ganinmu biyayya muke yi, kuma har ga Allah niyyar ke nan. Baba ya koma daga ɗaki sai tabarmar ƙofar gida, rediyo a kunne, daga nan sai masallacin da ke jikin gidanmu wanda bai kai taku ashirin ba.

Ba a daɗe ba gwiwa ta fara, sai baya, sai aka ce hawan jini, sai ya zama in ya yi sujada tashi sai ya dafa bango, daga baya muka sai mashi kujerar roba yana salla a kai. Duk muka ce tsufa ne, mai rai ai dole. Rannan da asuba ya shiga makewayi zai yi alwala ƙafa ta goce ya faɗi, Allah ya taƙaita ba karaya, amma sai da ya yi kusan wata a kwance, kuma da ya tashi sai tsoro ya shige shi, ko tsakar gida zai ratsa sai an riƙe shi. Wannan tsoron ya fi ciwon ɓata mani rai wallahi, mutumin da ke ratsa daji shi kaɗai da keke.

Ni ne ɗan fari, kuma ka san yadda abin yake a wurinmu, Baba ko sunana ba ya faɗa balle in tsaya a gabanshi in ce tashi ka yi tafiya. Na gwada sau ɗaya ta bakin Hajiyarmu, amsar da aka kawo mani ita ce wai a gaya mani ya ji. Shi ke nan.

Wanda ya iya da shi yaron wajen ƙanwata ne, jikanshi kuma takwaranshi, yana jami'a ɓangaren lafiya. Lokacin ana cikin dogon yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022, wanda aka fara a Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba, wata takwas yara na zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi, daga chaji waya sai majalisa sai kallon ƙwallo. Shi wannan yaron ya zo ya tare a gidanmu, kullum da safe ya tsaya kan Baba ya ce tsoho in ba ka tashi ba fa matar nan taka ni zan ƙwace, ga ni saurayi ga ka a kwance, Baba ya ce ja'iri ko naira ɗaya ba ka da ita za ka riƙe mace. A haka a haka da tsokana ya fara tada shi daga kujera ya zaunar da shi, sau biyar, ba dafa hannu in zai iya, washegari sau shida. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya yana riƙe da ƙyauren ɗaki, sai zagaya tsakar gida, sai zuwa bakin layi a dawo. Abin da ni ɗanshi na kasa, wasan jika da kaka ya yi shi cikin sati biyu. Tun daga nan na gane dalilin da ya sa ɗalibai ne suka dace da wannan aiki, don sa'annin jikoki ne, babu alkunya tsakaninsu da tsofaffi, dattijo zai ɗauki magana daga bakinsu cikin raha wadda in ɗanshi ne ya faɗa sai ta zama raini.

Da suka fara fita waje bayan sallar Asuba, Baba da jallabiya da hula da rediyonshi a hannu don ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai rasa labaran safe na BBC ba, mutanen unguwa suka yi ta kallo. Wasu na cewa lafiya Malam, ko wani abu ya ɓace, wani abokinshi na majalisa ya ce da tsufanka ka koma almajirin Bature, me ya rage ban da ka sa gajeren wando. Baba ya ce mashi zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi. Shi wannan mai tsokanar kau bai cika wata ba ya biyo su, don likita ya gaya mashi suganshi ya hau. Yaron ya jawo abokanshi uku 'yan yajin aiki irinshi, da wani ɗan makarantar koyon jinya da ke zuwa da abin awon jini, tsofaffi suka ƙaru har suka kai bakwai takwas, wani lokaci goma, kowane yaro ya riƙe dattijo ɗaya ko biyu suna tafe suna hira.

A cikinsu akwai wani bawan Allah da matsalar 'yan bindiga ta taso shi daga wani ƙauye ta wajen Batsari, ya dawo birni wurin ɗanshi. Manomi ne tun tasowarshi, bai taɓa sanin wani abu wai shi motsa jiki ba don rayuwar tashi duka motsi ce, huɗa da noma da girbi da tafiya kasuwa a ƙasa, yanzu ga shi a ɗaki guda a gidan haya ba gona ba dabba ba wanda ya sani. Ɗan ya ce tun da suka zo bai ji ya yi magana mai tsawo ba sai da ya fara bin su Baba. Irinshi suna da yawa a garin nan Edita, daga Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa, ana maganar abincinsu da wurin kwana, kuma gaskiya ne su ne gaba, amma ba mai maganar cewa mutumin da ya shekara 50 yana duƙe a gona in ka zaunar da shi wuri ɗaya jikinshi zai sake da wuri, zuciyarshi ma haka.

Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, amma abin da yaran nan suka fahimtar da mu ba shi da wuyar ganewa. Naman jikin mutum tun daga wajen shekara 30 yake fara raguwa kaɗan kaɗan, in an wuce 60 abin ya ƙara sauri, kuma wanda ba a aiki da shi ya fi saurin tafiya, musamman na cinya da ƙugu waɗanda su ke ɗaga mutum daga zaune su kuma tare shi in ya yi tuntuɓe. Shi ya sa tsoho in ya yi jinya ya kwanta sati biyu uku sai ka ga ƙafafu sun zama kamar kara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, wato ka ce minti 30 sau biyar, irin tafiyar da za ka ji numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya magana, kuma wanda ya kai 65 ya ƙara da atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa kwana uku a sati saboda faɗuwa. Ita dai hukumar ta ce cikin masu shekara 65 zuwa sama, tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa duk shekara, kusan mutum ɗaya cikin uku ke nan. Mu nan sai mu ce tsautsayi ne mu kira mai ɗori, kuma kowa ya san tsohon da ƙashin ƙugunshi ya karye yadda ake ƙarewa, da yawa daga wannan kwanciyar ba su sake tashi.

Babu wani kayan aiki da aka saya ban da takalmin kambas na gwanjo, shi ma sai da aka sha daru kafin Baba ya rabu da silifa. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ita ce ƙarfen ɗagawarsu, benci shi ne na tashi zauna, bangon makarantar firamare shi ake dafawa a yi ɗage a sauko. Kafin a fara wannan ɗan jinyar yana auna su sau ɗaya a sati ya rubuta a littafi, wanda ya ga nashi ya tsaya sama da 140 bisa 90 ya ce a kai shi asibiti, kuma sun kafa doka cewa duk wanda ya ji ƙirji ya riƙe ko jiri ko numfashi ya sarƙe a tsaya nan take ba jarumta, masu suga kuma kada su fito da ciki wayam bayan sun sha magani, su sa dabino biyu uku a aljihu, in sun koma gida a duba tafin ƙafa ko wani abu ya soke su ba su ji ba. Wani daga cikinsu ya so ya ajiye maganin hawan jini wai ai yanzu yana tattaki ya warke, yaran suka ce a'a Baba, wannan ba hurumin mu ba ne, sai abin da likitanka ya ce. Na ji daɗin wannan sosai don tsorona ke nan tun farko, kada ɗan aji biyu ya mai da kanshi likita.

Ba wai komai ya tafi sumul ba. Wani yaro da ya shigo daga baya ya ɗauki bidiyon wani dattijo yana fama da tsayuwar ƙafa ɗaya yana tangal tangal, ya ɗora a TikTok da waƙa, kafin azahar surukan mutumin sun gani. Bai ƙara fitowa ba har yau, an je an ba shi haƙuri ya ce ya yafe amma ya gama. Tun daga ranar aka ce waya ta zauna a aljihu. Sai kuma hanya, titunanmu ba a yi su don mai tafiya a ƙasa ba, inda aka bar ɗan gefe ma masu kaya sun baje ko an ajiye mota, ga 'yan Napep da masu babur da ke fitowa kamar an koro su, ga kwata a buɗe, dole suka bar bakin titi suka koma zagaya filin makaranta kafin yara su fara zuwa. Da aka janye yajin aiki kuma yaran suka koma karatu abin ya kusa mutuwa, sai da aka mai da shi Asabar da Lahadi da lokacin hutu, sauran ranaku tsofaffin su fita da kansu su biyu su uku.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta iyayenmu mata. Namiji ko ba komai yana zuwa masallaci sau biyar, yana leƙa kasuwa, yana zuwa jana'iza da ɗaurin aure. Hajiyarmu fa? A da ita ke daka, ita ke surfe, ta ja guga a rijiya, ta yi shara a duƙe, ta dama fura, duk wannan atisaye ne ba mu sani ba. Yanzu inji ke niƙa, ruwa 'yan garuwa ke kawowa, ga surukai ga jikoki, in ta taɓa tsintsiya a ce haba Hajiya muna nan, tana zaune kan darduma daga Asuba har hantsi, daga Azahar har Magariba, ƙafa ta kumbura a ce sanyi ne a kawo man zafi. Da aka ce ta fara sai ta ce ni da jikokina in riƙa tsalle tsalle kamar 'yar gaɗa, Allah ya kiyaye. Wata ɗiyar maƙwabta da ke karatun ungozoma ita ta shawo kanta, ba ta ce mata motsa jiki ba sam, cewa ta yi Hajiya ba kin ce kina son komawa Makka ba, tsakanin Safa da Marwa kaɗai sau bakwai ɗin nan ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa, ko so kike a tura ki a keke kina kallon mutane. Nan take ta miƙe. Yanzu su huɗu ne da maƙwabtanta suke zagaya tsakar gidanmu bayan La'asar da carbi a hannu, zagaye ɗaya tasbihi kaza, ba wanda ya gan su ba wanda ya ce sun fita. Ga masu ganin kamar abin bai dace da mace ba, ai ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha.

Kuma mu Katsinawa bai kamata a ce sai an yi mamu dogon bayani ba. Garin da sarakunanshi suka yi suna a wasan polo tun daga Sarki Dikko zuwa Sarki Usman Nagogo, garin kokawa da dambe da langa, dattawan da suka tashi suna zagaya ganuwa a ƙasa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Sauri ba su ji komai ba. Mota da babur da kujera ne baƙi a wurinmu.

Yaran ma fa sun ƙaru, kada a ɗauka alfarma kawai suke yi. Shi wannan takwaran Baba da ba ya tashi sai goma, ga shi a sahun Asuba. A bakin tsofaffin nan suka ji yadda aka yi Ƙofar Soro take a da, da waɗanda suka yi karatu a tsohuwar Kwalejin Katsina, da yadda ake gane ƙasar da za ta yi gero da wadda za ta yi gyaɗa, shi kau mutumin Batsari ya koya masu sunayen itatuwa da ciyayi da ko ni ban sani ba. Ɗan jinyar ya ce hannunshi ya faɗa da awon jini tun kafin a tura su asibiti, kuma ya koyi yadda ake yi wa dattijo magana ya saurara, abin da ba a koyarwa a aji. A garin da kullum muke kuka da ƙauraye da shaye shaye, yaron da ya san gobe da asuba akwai tsohon da ke jiranshi a ƙofar gida ba zai kai ƙarfe biyu na dare a bakin titi ba.

Jikan namu ya nuna mani a waya yadda ake yi a Japan, tun 1928 suke da shirin atisaye a gidan rediyo, ƙarfe shida da rabi na safe, kamar minti 10 ne kacal, mai gabatarwa na ƙirga ana bi, kuma lokacin dogon hutu yaran makaranta kan fito fili su haɗu da tsofaffin unguwa a yi tare, a buga wa kowane yaro hatimi a katinshi. Na ce ikon Allah, mu da kowane tsoho rediyo na manne da kunnenshi, me zai hana gidan rediyon jiha ko Companion FM su ware minti goma bayan Asuba, a samu mai murya mai daɗi da ya iya Katsinanci ya riƙa cewa Baba a kama bango, Inna a ɗaga ƙafar dama.

Tau ga roƙona. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya wato FCE, da makarantun jinya da na kiwon lafiya, ga Daura ita ma da nata manyan makarantun, ɗalibai dubbai. A ce kowane ɗalibi na ɓangaren lafiya ko na wasanni ya yi wasu awoyi a zango yana raka dattawan unguwarsu, malami ya fara koya masu abin da ake yi da abin da ba a yi, mai unguwa ko liman ya sa hannu a katin, a saka mashi a maki. 'Yan bautar ƙasa ma ai suna da ranar aikin al'umma duk sati. Hedimastoci su bar ƙofar fili a buɗe daga shida zuwa bakwai, filin wasa na Karkanda a ware wa dattawa safiya ɗaya, mata kuma a bar su da ɗalibai mata a cikin gida ko a harabar Islamiyya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don tsufa cikin lafiya, kuma 1 ga Oktoba ranar tsofaffi ce ta duniya, amma don Allah kada wani ya karanta wannan wasiƙa ya je ya buga riguna da hula ya tara tsofaffi a rana su jira babban baƙo awa uku a ɗauki hoto a watse, in haka za a yi gara a bar su a kan tabarmarsu.

Baba dai gwiwa ba ta daina ciwo ba, maganin hawan jini yana nan yana sha, amma kujerar roba ta koma ɗakin baƙi, yana sujada ya tashi da kanshi, Juma'ar da ta wuce ma a ƙasa ya je ya dawo ya ƙi shiga motar ƙanena. Yanzu rigimar da muke ciki keken nan yake nema a maido mashi, kuma ni na sayar tun tuni ban san ta bakin wa zan aika mashi ba. Da hunturu ya shigo sun ɗaga fitar zuwa bakwai da rabi saboda sanyi da ƙura, da azumi kuma bayan Tarawi suke yi. Wanda ke son ya ga yadda abin yake ya tambaya a wajen Ƙofar Ƙaura ranar Asabar da safe, ya taho da mahaifinshi, waya kuma a bar ta a aljihu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai karatu kullum,
wani malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura, Katsina